Filin Tambaya da Amsa: Farfesa Tasuku Honjo da Birkin Garkuwar Jiki

A cikin wasiƙun da filin nan ya tara a 'yan watannin nan akwai guda biyar da suka shafi mutum ɗaya, wato Farfesa Tasuku Honjo na Jami'ar Kiyoto da ke ƙasar Japan, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2018. Shi ya sa muka haɗa su wuri guda, muka kuma taƙaita wasunsu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, tun lokacin annobar korona aka turo mini wani saƙo ta WhatsApp, kwanan nan kuma wani ɗan uwa ya sake turo shi a zauren danginmu. Saƙon yana cewa wani farfesa ɗan Japan mai suna Honjo, mai lambar Nobel, ya ce ƙirƙirar ƙwayar cutar aka yi, ya ce ya yi aiki shekara huɗu a ɗakin gwaje-gwajen Wuhan, kuma idan maganarsa ta zama ƙarya a ƙwace lambarsa. Shin akwai wannan mutum, kuma ya faɗi haka? Daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Mutumin yana nan, lambar yabonsa ma gaskiya ce, amma maganar ƙage aka yi masa. Saƙon ya fara yawo ne a watan Afrilun 2020, aka juya shi zuwa harsuna da dama, ya ratsa Indiya da Turai da Afirka, har ta kai ga ranar 27 ga watan Jami'ar Kiyoto ta fitar da sanarwa daga Honjo da kansa, inda ya nuna baƙin cikinsa kan yadda aka yi amfani da sunansa da na jami'arsa wajen yaɗa zargin ƙarya. Tarihin aikinsa a buɗe yake shekara bayan shekara, kuma babu Wuhan a cikinsa. Ban da zaman da ya yi a Amurka daga 1971 zuwa 1974, kusan duk aikinsa a Japan ya yi shi, musamman a Tokiyo da Osaka da Kiyoto. Sannan fanninsa shi ne garkuwar jiki, wato yadda jiki ke kare kansa, ba nazarin ƙwayoyin bairos ba.

Hujjar da saƙon ya kafa ma ba ta da tushe. An ce wai da ba ƙirƙirar cutar aka yi ba, da ba ta yaɗu a ƙasashe masu zafi da masu sanyi lokaci guda ba, alhali kuwa ƙyanda da mura da tarin fuka suna kama mutane daga Sakkwato har Mosko. Asalin ƙwayar korona magana ce dabam da masana da gwamnatoci suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, abin da ke gabanmu dai shi ne wannan zance bai fito daga bakin Honjo ba. Ana liƙa irin wannan magana ga mai lambar Nobel ne domin sunan yana sa mai karatu ya saki jiki bai bincika ba. A ganina masu ƙagen sun zaɓi mutumin da bai dace da su ba, domin a taron manema labarai da ya yi ranar da aka sanar da lambar, shawarar da ya ba yara masu sha'awar kimiyya ita ce kada su gaskata abu don kawai sun gan shi a littafin makaranta, sai sun bi diddiginsa da kansu.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen nazarin sinadaran jikin halitta, ina aji uku, kuma burina in zama mai bincike. Malaminmu ya ambaci Honjo a darasin garkuwar jiki, amma a gurguje ya wuce. Ina so in san hanyar da ya bi, kuma shin tun farko ciwon daji ya sa a gaba? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, amsar ƙarshen tambayarki ita ce a'a, kuma wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihinsa. An haifi Honjo a Kiyoto ranar 27 ga Janairu, 1942, ya tashi a garin Ube da ke yammacin Japan, inda mahaifinsa yake aikin likita. Ya shiga makarantar likitanci ta Jami'ar Kiyoto a 1960, ya gama a 1966. Ya sha ba da labarin wani abokin karatunsa da ciwon dajin ciki ya kashe yana matashi, kuma abin ya zauna masa a rai, amma da ya tashi zaɓar fanni bai tsaya a asibiti ba, bai kuma shiga binciken ciwon daji ba. Ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Osamu Hayaishi ya nufa, wanda yake cikin manyan masana sinadaran jiki na Japan a lokacin, wato irin fannin da kike karantawa yanzu.

Aikinsa na farko da ya yi suna a kan dafin ƙwayar cutar mashaƙo ne, cutar nan da ta sake ɓarkewa a Nijeriya tun ƙarshen 2022, ta fi kuma yin ɓarna a Kano. A 1968 shi da malamansa suka nuna yadda dafin ke kisa: yana shiga cikin ƙwayar halittar jiki, ya liƙa wani ɗan sinadari a jikin furotin ɗin da ake kira EF-2, wanda sai da shi ƙwayar ke iya haɗa sababbin furotin, daga nan aikinta ya tsaya cak ta mutu. Shekararsa 26 a lokacin.

A 1971 ya tafi Amurka, ya yi shekara biyu a Cibiyar Carnegie da ke Baltimore tare da Donald Brown, sannan ya koma cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin ƙasar, wato NIH, wurin Philip Leder. A can ne ya haɗu da tambayar da ta riƙe shi tsawon rayuwarsa. Jiki yana yin wasu furotin da ake kira antibodi, waɗanda fararen ƙwayoyin jini na rukunin B ke fitarwa domin su kama ƙwayoyin cuta, kuma yana iya yin miliyoyin nau'insu, kowanne da abin da yake ganewa, alhali ƙwayoyin gadon ɗan Adam ƙidayayyu ne, yau mun san masu haɗa furotin a cikinsu ba su fi wajen 20,000 ba. Wani ɗan Japan ɗin, Susumu Tonegawa, ya warware rabin matsalar a 1976 daga birnin Basel na Suwizalan, inda ya nuna cewa ƙwayar B tana yanka DNA ɗinta ta sake jera guntayen, aikin da ya ba shi Nobel a 1987. Honjo, wanda ya dawo gida a 1974 ya kama aiki a Jami'ar Tokiyo, shi ya tunkari ɗaya rabin.

Antibodi aji biyar ne. Idan cuta ta shigo, jiki yakan fara da ajin IgM, bayan 'yan kwanaki sai ya sauya zuwa ajin da ya fi dacewa da wurin, ko IgG da ke yawo a jini har ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, ko IgA da ke cikin miyau da hanji da nonon uwa, ko IgE da ke yaƙi da tsutsar ciki, kuma duk wannan sauyi yana faruwa ne ba tare da antibodin ya daina gane cutar da aka yi shi dominta ba. A 1978 Honjo ya kawo bayanin cewa ƙwayar B tana yanke wani tsawon DNA da ke tsakani ne ta zubar, ta haɗa bakin biyu, kuma cikin 'yan shekaru shi da wasu masana suka tabbatar da hakan. A 1979 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Osaka yana da shekara 37, a 1984 kuma ya koma Kiyoto.

Abin da ke tayar da wannan yanka kuwa sai da aka shekara ashirin ana nemansa. A 1999 ɗakin bincikensa ya gano wani sinadari mai suna AID, a 2000 kuma suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu shi ba sa iya sauya ajin antibodi, ba sa kuma iya gyara shi ya ƙara kama cutar da kyau. A wannan shekarar ce wasu likitoci a Paris suka nuna cewa akwai yaran da ake haifa da naƙasa a wannan ƙwayar gado, jininsu yana da IgM amma IgG da IgA da IgE kusan babu, shi ya sa cututtuka ba sa barinsu. Idan aka yi wa yaro allurar rigakafi ta kama, aka sake yi masa ta biyu ta ƙara ƙarfi, to da hannun AID a ciki. Yana da nasa sharrin kuma, domin wani lokaci yakan jawo yanka a inda bai kamata ba, kuma bincike ya danganta wannan kuskure da ciwon dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda ya fi yawa a yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A nawa ra'ayin, da a ce Honjo ya ajiye aiki a shekarar 2000, AID kaɗai ya isa ya sa sunansa a kowane littafin garkuwar jiki, amma ba dominsa aka kira shi Suwidin ba.

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Na ji a rediyo cewa Honjo da wani Ba'amurke sun samu Nobel saboda sun koya wa jiki yaƙi da ciwon daji. Ina so a fayyace mini abin da suka gano, ta yadda zan iya bayyana wa ɗalibaina. Daga wani malami, Damagaram.

Amsa: Malam, a jikinmu akwai wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, su ne ke bincika sauran ƙwayoyin halittar jiki, su kashe wadda cuta ta shiga ko wadda ta gurɓace. Irin wannan ƙarfi yana da haɗari, domin idan ba a tsare shi ba zai juya kan lafiyayyen nama. Saboda haka Allah ya yi ƙwayoyin T da abin da ke tayar da su, da kuma abin da ke tsayar da su, kamar dai mota mai totur da birki. Shekara da shekaru masu neman maganin ciwon daji ta hanyar garkuwar jiki totur suke ta takawa, tun daga wani likitan New York mai suna William Coley da ya fara yi wa marasa lafiya allurar ƙwayoyin cuta a 1891 domin ya tayar da garkuwarsu, kuma nasarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da Honjo da Ba'amurken nan James Allison suka nuna shi ne motar ba ta rasa ƙarfi ba, birki ne a take.

Honjo bai je neman birki ba. Wani ɗalibinsa, Yasumasa Ishida, yana neman ƙwayoyin gadon da ke sa ƙwayar T ta kashe kanta idan jiki ba ya bukatarta, sai ya ci karo da wata sabuwa, suka wallafa labarinta a 1992 da sunan PD-1, bisa zaton cewa aikinta ke nan. Daga baya ta bayyana cewa ba ita ke jawo wannan mutuwa ba. A irin wannan mataki ne masu bincike da yawa sukan watsar da abu su kama wani, amma Honjo ya sa aka samar da ɓerayen da ba su da PD-1 sam, aka zuba musu ido. Da farko lafiya lau suka tashi. Sai da suka manyanta wasu suka kamu da ciwon gaɓoɓi da na ƙoda, abin da aka wallafa a 1999, wani jinsin ɓerayen kuma zuciyarsu ta kumbura ta gaza, aka wallafa wannan a 2001. Garkuwar jikinsu ce ta juya kansu, kuma ma'anar hakan ita ce PD-1 birki ne. Shekara bakwai ke nan tsakanin ganin abu da fahimtar aikinsa, kuma a duk tsawonsu ba wanda zai iya yi wa mai ba da kuɗin bincike alkawarin cewa magani zai fito.

Birki kuma sai an taka shi. A 2000, tare da haɗin gwiwar Gordon Freeman na Cibiyar Dana-Farber ta Boston da Clive Wood, aka nuna cewa wani furotin da aka sa wa suna PD-L1 ne ke kama PD-1 ya tsayar da ƙwayar T. Wannan furotin shi ne wanda wani mai bincike, Lieping Chen, ya riga ya bayyana a 1999 da wani suna daban. Sai aka lura cewa ƙwayoyin ciwon daji da yawa suna ɗauke da PD-L1 a bayansu, ta yadda duk ƙwayar T da ta matso da nufin kisa sai su taka mata birki. A 2002 Honjo da abokin aikinsa Nagahiro Minato da ɗalibansu suka nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka toshe wannan haɗuwa da antibodi, garkuwar jiki tana danne ƙarin.

Daga nan aka shiga wahalar kasuwa. Honjo ya nemi kamfanin Ono na Osaka, wanda ba shi da gogewa a maganin ciwon daji a lokacin, aka tuntuɓi wasu kamfanonin Japan da dama su shigo, suka ƙi, domin tarihin wannan fanni cike yake da asara. Wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Medarex ne ya yarda, aka haɗa maganin da ake kira nivolumab, aka fara gwada shi a jikin mutane a 2006. Sakamakon da aka wallafa a 2012 daga marasa lafiya 296, waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, ya nuna ƙari ya ragu sosai a wajen kashi 28 cikin 100 na masu dajin fata na melanoma, da kashi 27 na masu dajin ƙoda, da kashi 18 na masu dajin huhu. Adadin ba shi da yawa, amma abin da ya girgiza likitoci shi ne da dama cikin waɗanda maganin ya kama sun daɗe ciwon bai dawo ba. A watan Yulin 2014 Japan ta zama ƙasa ta farko da ta amince da shi, da sunan Opdivo, a watan Satumba kuma Amurka ta amince da pembrolizumab na kamfanin Merck, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda.

Shi kuwa Allison, ɗan jihar Texas, wani birkin daban ya yi aiki a kansa mai suna CTLA-4, a Jami'ar California da ke Berkeley, ya wallafa sakamakonsa na ɓeraye a 1996, maganin da ya fito daga ciki kuma, ipilimumab, ya samu amincewa a 2011. Da aka haɗa magungunan biyu ga masu melanoma da ta yaɗu a jiki, aka bi su har shekara 10, kashi 43 cikin 100 suna raye, alhali a da mafi yawan irin waɗannan marasa lafiya ba sa cika shekara guda. Mara lafiyar da ya fi shahara shi ne tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ƙauyukanmu suka sani ta dalilin yaƙi da kurkunu. A watan Agustan 2015, yana da shekara 90, ya sanar da cewa melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, aka yi masa tiyata, aka gasa ƙarin da hasken na'ura, aka ba shi pembrolizumab, a watan Disamba ya ce hoto bai ƙara nuna ciwon ba, kuma sai a ƙarshen 2024 ya rasu yana da shekara 100.

Ranar 1 ga Oktoba, 2018 aka sanar da lambar, ranar 10 ga Disamba kuma Honjo ya karɓe ta a Stockholm sanye da kayan gargajiyar Japan. Ka gaya wa ɗalibanka cewa dokar Nobel ba ta barin a raba lamba ɗaya ga fiye da mutum uku, sunayen Freeman da Chen da wata mai bincike a fannin, Arlene Sharpe, ba su fito ba, kuma har yau akwai masanan da ke ganin an tauye su.

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da ciwon dajin nono, ana yi mata kemo tana shan wuya. Na karanta cewa maganin Honjo yana warkar da daji ba tare da wannan wahala ba. Sannan akwai mai sayar da wani haɗi a unguwarmu da yake cewa nasa ma garkuwar jiki yake ƙarawa, kuma ya ce mu dakatar da asibiti. Me za mu yi? Daga wata baiwar Allah, Kano.

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Abu na farko, kada ku dakatar da maganin asibiti a kan maganar mai haɗin nan. Aikin Honjo ma hujja ce a kansa, domin abin da ya nuna shi ne tayar da garkuwar jiki barkatai ba ya kashe daji, sai an gano takamaiman wurin da aka tsayar da ita an buɗe, kuma ba a yarda da maganin ba sai da aka gwada shi a jikin ɗaruruwan mutane aka ƙidaya wanda ya amfana da wanda bai amfana ba. Ki kuma sanar da likitan Mama duk abin da take sha a gida, domin wasu haɗe-haɗen suna wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da kemo ke bukatarsu.

Na biyu, wannan magani ba na kowane daji ba ne, kuma a yawancin nau'o'in da ake ba da shi, waɗanda yake kamawa ba su kai rabi ba. Ya fi ƙarfi a melanoma, da wasu nau'o'in dajin huhu da ƙoda da mafitsara, da dajin kaluluwa na Hodgkin. Ko a melanomar ma, irin wadda aka fi gani a baƙar fata, mai fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, ba ta jin maganin kamar wadda zafin rana ke jawo wa Turawa. A dajin nono an amince da pembrolizumab ne ga wani nau'i guda, wanda gwajin naman ƙarin ke nuna ba shi da alamomi ukun da sauran magunguna ke kamawa, kuma ko a nan tare da kemo ake ba da shi, ba a madadinsa ba. Wannan nau'i ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da matan Turai, saboda haka yana da kyau ki tambayi likita wane nau'i gwajin Mama ya nuna, domin a kansa ake gina dukan magani.

Cewa ba shi da wahala kuma ba daidai ba ne. Ba ya yawan zubar da gashin kai kamar kemo, amma abin da ya sami ɓerayen Honjo yana iya samun mutum, garkuwar jiki ta afka wa hanji ko huhu ko hanta ko maƙoƙo, wasu ma sukan kamu da ciwon suga na dindindin, ƙalilan kuma zuciyarsu takan kumbura har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa ba a ba da shi sai a asibiti, ƙarƙashin likitan daji mai iya gane waɗannan alamu da wuri.

Sai tsada. Lokacin da Keytruda ya fito a Amurka a 2014 an sa masa dala 12,500 a wata. A Japan an ƙiyasta cewa mai dajin huhu zai ci Opdivo na wajen yen miliyan 35 a shekara, har gwamnati ta tsorata da abin da hakan zai yi wa inshorar lafiyar ƙasa, ta rage farashin da rabi a watan Fabrairun 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab a jerin magunguna na wajibi a 2019 domin masu melanoma, amma shiga jeri bai sauke farashi zuwa inda talaka zai kai ba.

Tambaya: Malam, mu 'yan kasuwa ne, lissafi muka sani. Mutumin da ya gano maganin da ake sayarwa da irin wannan kuɗi, nawa ya shiga aljihunsa? Daga wani ɗan kasuwa, Zangon Kumasi.

Amsa: Alhaji, wannan lissafi sai da ya kai kotu. Kuɗin Nobel na 2018 kurona miliyan 9 ne na Suwidin, aka raba biyu tsakaninsa da Allison, kuma Honjo ya ba da nasa kason ga wani asusu da Jami'ar Kiyoto ta kafa domin tallafa wa matasan masu bincike. Babban kuɗin yana cikin haƙƙin mallakar ƙirƙirar, wanda shi da kamfanin Ono suka yi rajista tare, suka kuma ƙulla yarjejeniya a 2006, tun kafin kowa ya san abin da maganin zai zama. Daga baya Honjo ya fito fili ya ce kason da aka rubuta masa ya yi ƙanƙanta ƙwarai.

Rikicin ya tsananta ne bayan Ono da Bristol-Myers Squibb, wanda ya sayi Medarex a 2009, sun yi ƙarar Merck kan cewa Keytruda ya taka haƙƙinsu. A watan Janairun 2017 aka sasanta, Merck ya biya dala miliyan 625, ya kuma amince da ba da wani kaso na cinikin maganin na wasu shekaru. Honjo ya ce an yi masa alkawarin kashi 40 cikin 100 na abin da Ono ya samu, saboda taimakon da ya bayar a shari'ar, Ono kuma ya musa cewa an kammala irin wannan yarjejeniya. A watan Yunin 2020 ya shigar da ƙara a kotun Osaka yana neman fiye da yen biliyan 22. A watan Nuwamban 2021 suka yi sulhu: Ono ya biya shi yen biliyan 5, ya kuma ba Jami'ar Kiyoto gudummawar yen biliyan 23 domin asusun bincike.

Shi ma bai tsira daga irin wannan ƙorafi ba. A 2019 wata kotun tarayya a Boston ta yanke hukuncin cewa Gordon Freeman da Clive Wood suna da hannu a ƙirƙirar, ta ba da umarnin a ƙara sunayensu a takardun haƙƙin mallaka guda shida da ke ɗauke da sunan Honjo, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2020. A shekarar ce Jami'ar Kiyoto ta buɗe cibiyar binciken maganin daji ta hanyar garkuwar jiki, ta ɗora shi a kan shugabancinta yana da shekara 78, kuma babbar tambayar da cibiyar ta sa a gaba ita ce dalilin da ya sa maganin ke kama wasu marasa lafiya ya bar wasu, da yadda za a gane su tun kafin a kashe kuɗin allurar farko.